Tauraruwa Mai Goyo

Babana direba ne. Shekara talatin da wani abu yana jan mota tsakanin Gwaram da Birnin Kudu, ranar kasuwa kuma ya shiga ƙauyuka, Maruta, Zandam, duk inda buhu yake jiran mai ɗauka. Motar tasa ce ta kansa, tsohuwa mai dogon baya, wadda ƙofar bayanta ba ta rufuwa sai an ɗaga ta an doke ta da gwiwa. Ni ce autarsa, kuma sunan mahaifiyarsa aka sa mini, don haka bai taɓa kiran sunana ba. Uwata yake ce mini. Inna kuwa, wato mahaifiyata, "ke" take cewa, in ta ji haushi ta ƙara da "mai bakin nan". Ba ta yi mini ƙage ba. Ba ni da haƙuri, kuma abin da ya zo bakina shi nake faɗa.

Baba yana da wata al'ada da ban taɓa ganin wani yana yi ba. Duk shekara, in bazara ta yi nisa, kafin ruwa ya sauka, sai ya fito tsakar gida bayan sallar isha'i ya juya arewa. A can akwai taurari bakwai da suka yi siffar ludayi, huɗu bakin ludayin, uku mariƙinsa. Ta tsakiya a cikin ukun nan ita yake nema. In ka kalle ta da sauri ɗaya ce. In ka tsaya ka kafa mata ido, kuma idonka na da lafiya, sai ka ga wani ɗan ƙarami maƙale a jikinta, kamar an ɗiga shi da tsinke. Baba yana kiran babbar Mai Goyo, ƙaramin kuma goyon.

Da su yake auna idonsa. Maigidansa da ya koya masa tuƙi, wani tsohon direban babbar mota mai zuwa Kano, shi ya nuna masa su, ya ce ranar da direba ya daina raba waɗannan biyun, to ya ajiye makulli. Sai dai shi maigidan da lokacinsa ya zo bai ajiye ba. Ya daina ganin goyon ya yi shiru da bakinsa. Wata magariba a wata kwana ya bi ta kan wani mutum mai keke da bai gani ba sam. Baba yana zaune a gefensa a gidan gaba, kuma shi ya sauka ya ɗauki mutumin. Bai taɓa ba mu labarin abin da ya ɗauka ba. Abin da muka sani shi ne ya rantse da Allah cewa shekarar da ya duba dare uku a jere bai ga goyon ba, ya gama tuƙi.

Yawanci daren farko ake gamawa. Zai tsaya ya sa hannu ɗaya a ƙugu, can sai ka ji ya ce, "Ga ɗan banzan can. Sai baɗi kuma." Inna ta yi tsaki daga bakin murhu, don ita ta daɗe tana fatan ranar da ba zai gan shi ba. Yana da hawan jini, bayansa yana ciwo, hanyar kuma ta cinye mata mutane da yawa da ta sani.

Tun ina 'yar firamare yake ɗora ni a kafaɗarsa ya nuna mini. Da na shiga sakandare a Birnin Kudu, malamin da yake koya mana labarin ƙasa ya taɓa kawo maganar taurarin da suke tafiya biyu-biyu, har ya zana ludayin nan a allo. Ya ce waɗannan biyun ba kusanci kawai suka yi a idonmu ba, hanya ɗaya suke bi a sararin sama, kuma in aka sa babban madubin hangen nesa, ita babbar ma sai a ga ba ɗaya ba ce. Ya ce mutanen zamanin da ma da su suke gwada kaifin ido. Na dawo hutu ina ta rawar kai, na zazzage wa Baba duka a kan tabarma.

"Tare suke tafiya?" in ji shi.

"Tare, Baba. Malam ya ce ba sa rabuwa."

"To ai sai da kuka biya kuɗin makaranta kuka sani? Ina ya ga mai goyo ta tafi ta bar goyonta?"

Na ce ba haka ake bayanin kimiyya ba. Ya ce in je in kawo masa ruwa.

Shekarar da abin ya faru na gama sakandare ina zaune a gida. Akwai wani malamin firamare daga wajen Surko da yake zuwa zance wurina a kan babur, sau biyu a sati. Ban ma aure shi ba daga baya, kuma wannan yana cikin abin da yake ƙara ba ni haushi. A daren da nake magana ya kira ni a waya ya ce yana ƙofar gida. Na riga na yi kwalliya, na fesa turare, ina neman ɗayan takalmina a ƙarƙashin gado.

Ban san cewa daren nan shi ne na uku ba. Ya kamata in sani. Kwana biyu Baba yana fitowa tsakar gida ya daɗe a tsaye ya koma ɗaki ba tare da ya ce komai ba, amma ni hankalina yana kan waya. Lokacin sharar gona ne, kowa ya tara tushiyar dawa da busasshiyar ciyawa yana cinna musu wuta da yamma, hayaƙin ya hau sama ya kwanta. Ba ka ganinsa sosai da daddare, sai dai ka ji shi a maƙogwaro.

Na fito da sauri zan wuce, sai ya ce, "Uwata, zo ki ara mini idonki."

"Baba, ana jira na."

"Ba daɗewa za ki yi ba. Na tambayi uwarki ta ce ita tun da take ba ta taɓa ganinsa ba. Ni kuma na rasa gane ko hayaƙin nan ne, ko kuwa ni ne. Dubi Mai Goyo. Goyon yana nan?"

Wayata tana hannuna tana haske, malamin yana sake kira. Na ɗaga kai daidai yadda za a ce na ɗaga, ina gyara mayafi. Ko ludayin ban nema ba. Na san goyon yana nan, ai kullum yana nan, malaminmu ma ya ce ba sa rabuwa. Sai na ce, "Yana nan mana, Baba. Ga shi can ƙarara, ko makaho ya gan shi."

Haka na faɗa. Na sha juya maganar a raina ko zan samu wata siga mai sauƙi da zan ce ita na yi amfani da ita, babu. Ko makaho ya gan shi, haka na ce wa mahaifina.

Ya sauke idonsa daga sama. Sannan ya ce, "To, alhamdu lillahi. Je ki, kada ki bar baƙo a tsaye."

A waje malamin yana jingine da babur ɗinsa yana kore sauro da hula.

"Ranki ya daɗe, yau sai da na ba sauron unguwarku abincin dare da na sahur."

"Wa ya ce ka zo da wuri?"

Ya fara ba ni labarin wani abokinsa da ya sayi fili. Ina jinsa sama-sama, don wani abu a muryar Baba ya tsaya mini a rai. Wannan alhamdu lillahin ba irin wanda yake yi ba ne in ya ci ya ƙoshi. Sai na kashe hasken wayar na juya arewa. Daga ƙofar gidanmu ana ganin ludayin a saman katangar maƙwabta. Na samu mariƙin, na samu ta tsakiya. Ɗaya ce. Na murza ido na sake dubawa, na kare hasken kwan lantarkin maƙwabta da tafin hannu. Ɗaya ce, ita ma dishi-dishi, kamar fitilar da batirinta ya yi sanyi.

"Malam, ɗaga kanka. Ka ga taurari ukun can a jere? Ta tsakiyar, guda nawa kake gani?"

"Ni tauraruwa ɗaya nake gani, ga ta a gabana da mayafi."

"Don Allah ka raba ni da wannan, ka dubi sama."

Ya duba, ya ƙanƙance ido. "Ɗaya ce mana. Yau ai sama duk hayaƙi ne. Me ya faru?"

Na ce babu komai. Na sallame shi da wuri, ya tafi yana ƙunƙuni. Da na shiga gida Baba ya riga ya shige ɗakinsa ya tura ƙofa, rediyonsa ma a kashe. Na tsaya a tsakar gida na ce a raina, gobe da safe zan gaya masa. Me zai faru kafin safe?

Kafin safe ya gama komai. Daga masallacin asuba bai dawo gida ba, tasha ya wuce. Ya tara abokan aikinsa da shugaban tashar, ya gaya musu da bakinsa cewa idonsa ya ƙare, a cire shi daga layi. Sannan ya jawo motar gida a hankali, ya ajiye ta a ƙarƙashin darbejiyar ƙofar gida, ya ɗebo ruwa da bokiti ya wanke ta tas har tayoyi. Ina shara ya shigo ya miƙa wa Inna makulli.

Inna ta kalli makullin, ta kalle shi, sai ta zauna a kan turmi ta fashe da kuka. Kukan daɗi ne. A ranar ta sa aka toya waina aka raba sadaka. Yayana da yake sayar da yadi a Kano ya bugo waya, ya ce a ba shi ni.

"Ke, ashe bakin nan naki yana da rana! Shekara nawa ina roƙon Baba ya huta ya ƙi? Inna ta ce ke kika gaya masa gaskiya ba kwana-kwana. Allah ya yi miki albarka. In na zo akwai atamfa."

Na ce amin.

Ina so in ce don Inna na yi shiru, don na ga yadda ta samu barci a karon farko cikin shekaru. Akwai wannan a ciki, ba ƙarya. Amma ba shi ne babba ba. Babban shi ne ni ce mai faɗar gaskiya a gidan nan. Da shi aka san ni, da shi nake taƙama. Ni ce nake gaya wa Gwaggo miyarta ta yi gishiri, ni ce na taɓa gaya wa malamar makaranta ta yi kuskure a allo. In je in durƙusa in ce Baba ban duba ba, saurayi nake sauri in gani? Bakina da ba ya gajiya sai ya yi nauyi kamar an ɗaura masa dutse. Na riƙa gaya wa kaina wataƙila ma da gaske idon nasa ya tafi. Wataƙila ko babu hayaƙi ba zai gani ba. Wa ya sani?

Ai da sauƙi a sani. Motar ta yi kwana goma sha biyu a ƙarƙashin darbejiya kafin mai saye ya zo. Ana gobe zai zo aka yi ruwan farko da la'asar, mai ƙarfi, da iska. Ya kashe duk wutar gonaki ya wanke sama. Bayan isha'i gari ya yi tsit sai kwaɗi, taurari sun fito kamar an goge su da tsumma. Na juya arewa. Ko neman goyon ban yi ba, shi ya fito da kansa, ƙarami, tsaf, a gefen uwarsa.

Baba yana ɗakinsa, fitila a kunne, ina jin ƙarar carbinsa. Taku nawa ne daga inda nake zuwa ƙofarsa? Bai fi goma ba. Na yi su. Na tsaya a bakin labule na yi sallama.

"Uwata ce? Shigo mana."

"A'a, daga nan ma ya isa. Baba..."

"Na'am."

"In dafa maka shayi?"

Ya ce a'a, Allah ya yi albarka, shayin dare yana hana shi barci. Na koma ɗakinmu.

Washegari mutumin ya zo daga Zandam da wani bakanike. Baba ya zagaya da shi motar kamar mai kai 'ya ɗakin miji. Ya nuna masa yadda ake ɗaga ƙofar baya a doke ta. Ya ce in ta yi tari da safe kada ya matsa mata, ya bar ta ta ɗumama. Ya ce giya ta uku tana son a lallaɓa ta. Ya ce kada ya yarda a ɗora masa fiye da abin da za ta iya ranar kasuwa, ko da mai kayan surukinsa ne. Mutumin yana ta "to Baba, to Baba", hankalinsa yana kan sitiyari. Da suka tayar da ita Baba bai tsaya kallon tafiyarta ba. Ya shigo gida ya ce Inna ta ba shi abin karyawa, alhali ya riga ya karya.

Ban san cewa mota ce take riƙe da rabin mutuncin gidanmu ba sai da ta tafi. Da, tun da sassafe ake sallama a ƙofarmu. Wannan ta kawo ƙullin magani a kai wa 'yarta a Maruta, wancan yana so a karɓo masa takarda a Birnin Kudu, wani a tsaya a asibiti a duba masa ɗan'uwa. Baba ya san wanda ya haihu da wanda ya rasu a ƙauyuka goma kafin kowa ya ji. Cikin wata guda duk wannan ya ɗauke. Ba wulaƙanci aka yi masa ba, kawai saƙo yana bin mai tafiya ne.

Shi kuwa bai daina tashi a lokacinsa ba. Zai yi wanka, ya sa riga da hula, ya fita bakin titi ya zauna a benci wajen mai shayi har rana ta take. Ya dawo ya bi Inna da ido tana aiki, ya ce itacen nan ɗanye ne, ya ce akuyar nan ba ta ƙoshi ba. Inna da ta yi sadakar waina ita ce ta koma cewa, "Malam, don Allah ka fita ka sha iska." Hawan jinin da aka ce hutu zai saukar bai sauka ba. Ƙafafunsa suka fara kumbura saboda zama. Yayana yana aiko da abin cefane ba fashi, ya kawo mini atamfar ma. Ban ɗinka ta ba, na ba wata 'yar Gwaggo.

Haka muka yi damina, muka yi kaka, muka yi sanyi. Ni na samu aiki a wani shagon magani, ina fita da safe in dawo da yamma, kuma na gode wa Allah da hakan, don ba na son zama in ga Baba yana zaune.

Sai ranar duban watan azumi. Bayan magariba maza sun taru a filin bayan masallacinmu, mu mata muna leƙe ta kan katanga. Samari sun fi ashirin, wasu har da ɗaga waya sama kamar ita za ta gano musu. Aka yi ta dubawa ba a ga komai ba, har wasu sun fara juyawa. Sai na ji muryar Baba, ba da ƙarfi ba.

"Ga shi can. Saman ƙaramar kukar, hannun dama kaɗan."

Aka yi caa. Wani ya ce ina, wani ya ce Baba gajimare ne. Can sai wani saurayi ya yi kabbara, sai na biyu, sai kowa. Siriri ne kamar yankan farce. Ni kaina sai da aka nuna mini sau uku.

Liman yana dariya ya ce, "Malam, kai da ka ce ido ya ƙare?"

Baba ya yi murmushi ya ce, "Sabo ne kawai, Allah gafarta Malam. Na san inda yake fitowa."

Amma da ya shigo gida bai wuce ɗakinsa ba. Inna ta shiga maƙwabta yi musu barka. Ina tankaɗen garin kunun sahur a tsakar gida, ya jawo kujera 'yar tsugunno ya zauna kusa da ni, abin da ba ya yi.

"Uwata."

"Na'am, Baba."

"Zan tambaye ki wani abu, kuma ga azumi ya kama. Daren nan na bara. Kin duba?"

Na ci gaba da kaɗa rariya kamar garin zai amsa mini. Sannan na ajiye ta.

"Ban duba ba."

Sai na ci gaba, don in na fara ba na iya tsayawa. Na gaya masa ina fita na duba, ɗaya na gani. Na gaya masa malamin ma ɗaya ya gani. Na gaya masa daren da aka yi ruwa, da shayin da na zo tambaya. Ina magana ina kuka, majina da gari duk a fuskata. Na so ya zage ni. Da ya ɗaga hannu ya mare ni da na ji sauƙi, amma Baba bai taɓa dukana ba, ba kuma a ranar zai fara ba.

Abin da ya ce shi ne, "Kwana goma sha biyu motar tana ƙofar gida."

"Na sani, Baba."

"Kina wuce ta safe da yamma."

Ya tashi, ya kama gwiwarsa da hannu kafin ya miƙe. A bakin ƙofarsa ya juyo ya ce kada in gaya wa Inna, ta samu kwanciyar hankali, a bar mata abinta.

Duk azumin nan yana amsa gaisuwata, yana sa mini albarka in na kai masa abin buɗa baki, amma hira ta ƙare. Ko ya sake fita ya duba Mai Goyo a wannan bazarar, ban gani ba, kuma ban isa in tambaya ba. Abin da na gani shi ne bayan salla da kwana uku ya sa babbar rigarsa ya ce zai je tasha. Na san abin da zai je yi. Akwai masu motoci da suke ba direbobi tuƙi, a yi aiki a kawo musu nasu da yamma. Na ɗauki mayafina na bi shi a baya. Ya ji takuna bai juyo ba, bai kuma ce in koma ba.

Shugaban tashar, wani Alhaji mai ƙiba da suka fara tuƙi tare da Baba, yana zaune a rumfa da direbobi biyar ko shida. Suka tashi suka ba Baba wuri, aka yi barka da salla, aka yi ta tsokana. Wani ya ce, "Tsohon soja, ka yi ƙiba, hutu ya karɓe ka." Baba ya bari aka gama dariya, sannan ya ce yana neman mota, ko ta wa ce, ko ta kwana uku a sati.

Alhajin ya cire hularsa ya duba cikinta ya mayar.

"Malam, ai da bakinka ka gaya mana. A nan wurin, ga shaidu. In na ba ka motar mutane wani abu ya faru, Allah ya kiyaye, me zan ce? In ce ban ji ba?"

"Kuskure aka yi," in ji Baba.

Ni kuwa ina tsaye a bakin rumfar. Ban san lokacin da na shiga ba. Ko gaisuwar kirki ban yi ba. Na ce, "Alhaji, ni ce na yi kuskuren. Ni ya tambaya, na yi masa ƙarya. Ban duba ba na ce na gani. Daren nan hayaƙi ne ya rufe sama, ni ma ban ga komai ba. Idonsa lafiya lau, shi ya fara ganin watan azumi a unguwarmu, ku je ku tambayi Liman."

Ban taɓa faɗar gaskiyar da ta yi mini wuya kamar wannan ba, a gaban maza, a tasha, fasinjoji suna leƙe. Na zaci za su yi salati, su zage ni, su ce wace irin 'ya ce wannan.

Alhajin ya kalle ni, sai fuskarsa ta yi laushi. Ya juya wajen sauran ya ce, "Kun ga 'ya ko? Allah ya ba mu masu rufa mana asiri irin wannan." Suka ce amin. Wani dattijo ya ce, "Har ta yarda ta zama maƙaryaciya don babanta. Allah ya yi miki albarka, yarinya."

"Wallahi ba rufa asiri nake yi ba! Wallahi ƙarya na yi masa!"

"To, to, ya isa, kada ki yi ta rantsuwa," in ji Alhajin, yana murmushi irin wanda ake yi wa ƙaramin yaro. Sannan ya ce wa Baba in yana so akwai kujera a teburin da ake rubuta sunayen fasinja, ba wahala, a inuwa, kuma zai riƙa ganin mutane.

Baba ya ce ya gode, zai yi shawara. Ya miƙe ya yi musu sallama ɗaya bayan ɗaya da hannu. Na buɗe baki zan sake magana, ya ce, "Uwata, ya isa. Mu je."

Bai karɓi kujerar ba, bai kuma sake tuƙa motar kowa ba. A hanyar gida ina binsa a baya ina share ido da bakin mayafi. Wajen masu kayan miya ya tsaya ya jira ni na iso.

"Uwarki za ta tambayi inda muka je," ya ce. "Zaɓo mata tumatir mai kyau. Ki duba sosai, kada a sa miki ruɓaɓɓe a ƙasa."

Na durƙusa a gaban tiren na fara juya su ɗaya bayan ɗaya, shi kuma yana tsaye a kaina yana jira.